Busan Rakiyar Ubana a Shirin Farashin Gyaɗa

Ƙofar Wambai,
Bauchi.
Satumba, 1960.

Zuwa ga mai girma, mai daraja, mai faɗa a ji ko ana so ko ba a so, Shugaban Ofishin Akwati Mai Magana na wannan lardi, wanda muryarsa ke shiga ɗakin kowa ba sallama. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka wayoyi da falwayoyi.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na talaka, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka da ta injinanka, ina fatan dukanku kuna karya kumallo a kan kari. Na fara da wannan fata ne saboda a gidanmu akwai wadda rabonta da karin kumallo tun bazara, kuma dalilin yana ofishinka, a kan kantar ajiya, cikin rigar takarda mai lamba.

Sunana Obadiya Andrawus. Tela ne ni, keken ɗinkina yana zauren gidan da muke haya a Ƙofar Wambai, daidai gindin falwayar da kuka rataye babbar lasifikarku. Asalinmu mutanen duwatsu ne na kudancin Bauchi, irin waɗanda mai gabatar da shirye-shiryenku, Malam Mansir, yake kira "'yan'uwanmu na karkara masu fara'a". A gaya masa na gode da wannan shaida. Ina zaune da matata Roda da tsohuwata Matta, kuma saboda tsohuwar nake wannan rubutu. Na sa an buga shi a fili ne don kowa ya gani, domin wanda na aiko a rufe, za ka ji abin da aka yi da shi in mun zo wurin.

Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri tela ya yi wa masana bayani. A garinmu idan dattijo ya rasu, masu ƙaho sukan haɗa masa busa nasa shi kaɗai, wanda ba a taɓa yi wa wani ba, ba kuma za a sake yi wa wani ba. Rakiya muke kiransa. Ana busa shi ranar jana'iza daga ƙofar gida zuwa bakin kabari, shi ke nan a mayar da ƙahonin rumbu a rataye. Matar mamacin kuwa, da zarar busan ya shiga kunnenta, sai ta cire ɗankwali ta zauna a ƙasa, ba ci ba sha har rana ta faɗi. Yini ɗaya ne kawai. Kakanninmu ba azzalumai ba ne. Sun ɗora wa mace yini ɗaya saboda a iya saninsu busa iska ce, in ta fita daga ƙaho ta tafi ke nan. Ba su san za a yi zamanin da za a kama iskar a daskarar da ita a kan faifai, a riƙa sakinta kowace safiya ba. Na yarda wannan gazawarsu ce, da sun yi karatu mai zurfi irin naku da sun hango.

Ranar da muka binne ubana Andrawus, 'yan shekarun baya, lokacin kaka ne, dawa jibge a kowace ƙofa. An gama addu'a a majami'a, dangi suka ɗauki gawa, masu ƙaho suka bi baya. Sai ga motarku ta tsaya a bakin hanya. Bature ɗaya mai gajeren wando ya fito, da malamai biyu, suna ɗauke da akwati da wani ƙarfe mai igiya. Ba mu hana su ba, mun zaci masu allurar rigakafi ne. Suka biyo bayan ayari suka miƙa ƙarfen wajen masu busa, Baturen yana kaɗa ƙafa yana murmushi. Da aka gama suka ɗaga mana hannu suka wuce. Daga baya na ji ashe yawon tattara kiɗan gargajiya suke yi, kuma abin da suka rubuta a jikin faifan shi ne "Busan murnar girbi".

Faifan ya kwanta a ofishinka har muka manta da shi. Bana da bazara wani mai kunnen kiɗa a cikinku ya tono shi, ya ji ya yi masa daɗi, aka mai da shi busan buɗe shirin nan na safe, Kasuwa Ta Ci, inda ake karanta farashin gyaɗa da auduga da fatu. Safiyar farko ina kan keke ina ɗinka wa wani wando, Roda ta miƙa wa tsohuwa ƙoƙon kunu. Ƙoƙon yana kan hanyar bakinta lasifika ta saki ƙahonin. Ni allura ta shige mini yatsa. Ita kuwa ta ajiye ƙoƙon a hankali, ta cire ɗankwali, ta sulalo daga kan kujera zuwa ƙasa. Tun daga ranar haka muke kowace safiya, har ran Lahadi, domin shirin naku ba ya hutu.

To, ga koke-kokena, na jera su don kada in ɓata maka lokaci.

Na farko. Mutum uku suka fito daga motar nan, kowanne da baki, biyu daga ciki Hausa ce harshensu, mu kuma muna jin Hausa gwargwado. Me ya hana ɗaya ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya ce, bawan Allah, me ake yi a nan? Ko tambaya ma sai an rubuto izini daga Kaduna? Na san sun ga dawa sun ga taro, suka haɗa lissafi. Amma da sun ɗan matsa gaban ayarin, da sun ga mutum huɗu ɗauke da abu mai tsawo naɗe a tabarma. Ina so in ji daga masana, a wace ƙasa ake naɗe damin dawa a tabarma a bi shi da kuka?

Na biyu, kuma wannan ya fi ci mini rai. Kusa da ƙarshen faifan akwai muryar mace da ta tashi sama ta tsinke. Kullum in an zo wurin sai Malam Mansir ya yi 'yar dariyar nan tasa ya ce, "Kun ji guɗa, jama'a! Bana rumbu ya cika!" Ranka ya daɗe, muryar uwata ce. A daidai lokacin aka saka mijinta a rami, ni ne na riƙe ta don kada ta bi shi. Duk macen da ta taɓa yin takaba a garin nan ta san wannan ba guɗa ba ce, ko ba ta jin yarenmu. Habibatu, matar mai gidan da muke haya, jin farko ta ajiye taɓarya ta ce, "Innalillahi, wa ya mutu a rediyo?" Ita ba ta taɓa shiga aji ba. Ku da kuke da injin auna sauti mai allura tana rawa, wata nawa ke nan kuna jin abin nan safe da safe, ba wanda tsigar jikinsa ta tashi? Ina jin kunya in faɗa, amma na tsani wannan dariya ta Malam Mansir fiye da yadda Kirista ya kamata ya tsani wani abu.

Na uku shi ne lasifikar. Masu hali da suka sa aka ja musu waya zuwa ɗaki suna da maɓallin rage murya. Mu talakawa da aka yi wa alheri kyauta, tamu ba ta da maɓalli, tana can sama inda ko gora ba ta kaiwa. Na gwada, ɗan doka ya ce in na sake zan kwana a caji ofis. Mun toshe taga da buhu. Mun mai da gadon tsohuwa ƙuryar gida kusa da turken awaki. A banza, domin ƙahon garinmu an yi shi ne don a ji shi a bayan dutse. Roda ta kawo auduga za ta sa mata a kunne, tsohuwa ta ture hannunta, ta ce ita ba za a fita da mijinta tana toshe da kunne ba.

Kada ka ce ba mu yi mata magana ba. Na yi, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mata wannan faifai ne, ƙarfe ne yake juyawa, Baba ya daɗe da zama ƙasa. Ta ce in faifai ne, muryar wa ke ciki? Mai wa'azin majami'armu ya zo da Littafi, ya zauna ya yi mata bayani mai kyau cewa an 'yanta mu daga irin waɗannan farillai na dā. Ta saurara da ladabi, ta ce amin a duk inda ake cewa amin. Da ya gama ta ce za ta faɗa wa Andrawus in sun haɗu, amma kafin nan ita ba za ta tauna abinci ana rakiyar mijinta ba. Ya rufe Littafinsa ya tafi.

Na huɗu. Da muka rasa yadda za mu yi, Habibatu ce ta kawo dabara, Allah ya saka mata. Ta shigo da kwanon fura tsakar rana ta tarar da tsohuwa zaune a ƙasa leɓe ya bushe. Tsohuwa ta ce mata da irin tata Hausar, "Habibatu, kai ka sha abinka. Ni an busa wa maigida." Habibatu ta ce, "Haba Iya! Mu da Allah ya ɗora wa azumi, wata guda ne, kuma da Salla a ƙarshensa. Naki azumin ina Sallarsa?" Daga nan ta koya mana sahur. Aka riƙa tashin tsohuwa kafin lasifika ta farka, ta sha kunu ta haɗiye ƙwayar da likita ya ba ta. Mai wa'azi da ya ji labari ya riƙe kai, ya ce bai raba ta da na kakanni ba ga shi ta ƙara da na maƙwabta. Ni dai ban damu ba, na ga idonta ya fara dawowa.

Ana nan sai ofishinka mai albarka ya lura cewa jama'a suna son shirin, aka ƙara maimaici bayan isha'i. A al'adarmu kuwa in busa ya shiga kunne, sai faɗuwar rana ta gaba. Sahur ya tafi ke nan. Abin da ya rage wa uwata a duniya shi ne ɗan tsakanin nan daga faɗuwar rana zuwa maimaicinku. A cikinsa za ta sha ruwan yini guda, ta ci abincin yini guda, da haƙora huɗu da cikin da ya ƙanƙance. Roda takan tsaya a kanta da cokali tana kallon falwaya. Sau da yawa loma tana hannu Malam Mansir zai yi gyaran murya. Likita ya ce jininta ya ƙare, a riƙa ba ta magani sau uku bayan abinci. Na tambaye shi bayan wane abinci, ya ce shi ba ma'aikacin rediyo ba ne.

Na biyar. Na zo ofishinka da ƙafata. Masinja ya ce kana taro. Na dawo, ya ce ka tafi rangadi. Na sake dawowa, wani akawu mai alƙalami uku a aljihu ya saurare ni yana yankan farce, ya ce faifan dukiyar gwamnati ce, kuma kayan tarihi ne, ya kamata ma in yi alfahari an adana al'adunmu kafin su ɓace. Ya ce in rubuto. Na rubuto, shafi biyu, da hannuna, na bayyana kome kamar yadda na bayyana a nan. Ran Asabar ina zaune a zaure, lokacin shirin gaishe-gaishe, sai na ji sunana daga sama: "Obadiya tela na Ƙofar Wambai ya rubuto mana doguwar wasiƙa a kan busan nan na garinsu, yana gaida mahaifiyarsa Matta. To Iya Matta, ga zaɓin ɗanki, a sha rawa lafiya!" Aka saka shi tun daga farko har ƙarshe. Tsohuwa ta ji sunanta, ta ji nawa. Ta dube ni, kuma har yau ba ta tambaye ni ba. Ina roƙon a sanar da ni, a ofishin naka akwai wanda aikinsa karanta wasiƙa ne, ko dai ana duba sunan da ke ƙasa ne a jefa a kwando ɗaya?

Na shida ƙarami ne, na sa shi ne don lissafi ya cika. Busan ya shiga gari. Masu tura kura suna yin fitonsa da baki, mai wankin hula yana yi. Ɗanlarai mai goge ya ɗauke shi ya ɗora masa waƙar wata budurwa mai wushirya, yanzu ba a tashi daga wasa a otal sai ya yi ta. Na wuce na ga manyan ma'aikata, har da masu wuyan riga a ɗaure, suna karkaɗa kafaɗa a kan rakiyar ubana. Ban ga laifin Ɗanlarai ba. Na same shi na gaya masa, ya ajiye gogen ya yi salati, ya ce wallahi da ya sani ko da wasa ba zai taɓa ba, amma yanzu in bai yi ba jifansa ake yi da ɓawon gyaɗa. Shi aƙalla ya ji kunya. Sa'ar da muka yi, tsohuwa ta yanke hukunci cewa goge da fito ba ƙaho ba ne, ba su hana ta cin abinci. Da ba haka ba da tuni an gama.

Za ka ce me ya hana in mai da ita ƙauye. Wa zai riƙe ta? Ƙanena yana haƙar kuza a Jos, gidanmu ya zama kango, asibiti kuma yana nan birni. Duk da haka na fara ɗaure kayanta, sai na ji sanarwarku cewa albarkacin mulkin kai za a raba wa kowane dagaci rediyo mai batir, domin 'yan'uwanmu na karkara masu fara'a su ma su ji farashin gyaɗa. Gidan dagacinmu yana kallon namu. Na kwance kayan.

Na bakwai, wanda ya sa na kasa jira. Shekaranjiya Malam Mansir ya yi mana albishir cewa ran ɗaya ga Oktoba, ranar da za a sauke tutar Turawa a ɗaga tamu, an zaɓi wannan busa ya zama muryar talakawan lardi. Za a sa shi da asuba, a sa shi lokacin ɗaga tuta, a riƙa sa shi tsakanin jawabi da jawabi, kuma a yi mako guda ana shagali. Ya ce ba wani kiɗa da ya fi shi nuna farin cikin mutanen ƙasa. Ranka ya daɗe, ni ba ɗan siyasa ba ne, tutoci kawai aka ba ni in ɗinka, kore da fari, kuma ina ɗinka su da zuciya ɗaya domin ni ma ina son ranar nan. Amma ashe ba abin tsoro ba ne a haifi ƙasa da safe a tarbe ta da busan kai gawa? Baturen da ya ɗauki faifan yana da uzuri, baƙo ne, ya ma koma garinsu. Ku da za ku karɓi ragama, wane uzuri gare ku? Shi bai tambaye mu ba don ba ya jin maganarmu. Ku kuna ji sarai, tambayar ce kuka ga ba ta kamace ku ba. In haka za a riƙe mu, a ji kukanmu a rubuta guɗa, to a gaya mana tun yanzu mu san irin murnar da za mu yi.

Wannan dai maganar manya ce, na bar muku. Tawa ƙarama ce. In aka yi mako guda ana sakin busan nan ba tsari, har da magariba, ɗan tsakanin nan da uwata take cin abinci a cikinsa zai rufe. Ba za ta kai ƙarshen shagalinku ba. Ba zato nake yi ba, ni nake ɗaga ta in kai ta bayan gida, na san nauyin da ya rage.

Abin da nake roƙo bai kai a kira taro ba. Faifai ɗaya ne. Ban ce a fasa shi ba, tun da dukiyar gwamnati ce. A mai da shi rigarsa, a goge abin da aka rubuta a jiki, a rubuta "Rakiyar Andrawus, an riga an busa", a ajiye shi can saman kanta inda ake ajiye abin da ya gama aikinsa. Gyaɗa za ta sayu ko da wane kiɗa. Akwai kalangu, akwai kukuma, akwai busan girbi na gaskiya a garinmu, in kuna so ni zan kai ku da kaina in tsaya in gaya muku wanne ne wanne.

In kuwa taro da rangadi ba su bar ka ka duba wannan ba kafin ranar, ba kome, kada ka takura kanka. Daren jiya bayan ta ci loma biyu, tsohuwa ta sa Roda ta buɗe akwati ta ciro zanen da take so a rufe ta da shi, ta ba ni in yi masa kalmasa. Na yi, yana nan a ninke kusa da tutocinku. Masu ƙahon garinmu ma sun aiko suna tambayar jikinta, na san kuma abin da tambayar take nufi, sun fara haɗa nata busan. Saboda haka ina gayyatar ofishinka tun da wuri. Ku zo da motarku da ƙarfenku mai igiya, za ku samu sabon faifai, wancan ya fara karcewa. Lokacin kaka ne kuma, za ku tarar da dawa a kowace ƙofa. Ita ba ta da mijin da zai zauna mata a ƙasa, ni ne zan zauna, kuma ni ma a gindin falwayarku nake.

Alfarma ɗaya nake nema a ranar. Kusa da ƙarshen faifan za a ji wata murya ta tashi ta tsinke. A gaya wa Malam Mansir tawa ce, kada ya yi dariya.

Ina durƙushe ina jiran umarninka, kamar yadda nake jiran muryarka kowace safiya ko ban nema ba. Allah ya ƙara girma, ya ƙara kunne.

Naka mai biyayya, mai sauraro dole,

Obadiya Andrawus,
Tela, gindin falwaya,
Ƙofar Wambai, Bauchi.